Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Duk wanda ya san ni shekarun baya, in aka ce masa an ga Malam da gajeren wando a bakin ruwa, an rubuta masa lamba a dantse, yana jiran a busa usur ya faɗa, to zai iya rantsuwa cewa ba ni ba ne. Ni kaina har yau nakan zauna in yi ta mamaki. Tun da farko bari in faɗa wa mai karatu gaskiya, kada ya zaci labarin wani gwarzo zai ji: ni ne na zo na ƙarshe a gasar da zan ba da labarinta. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na tabbata akwai irina da yawa a cikin 'yan uwa marubuta da masu karanta wannan mujalla tamu, manya da gemunsu, waɗanda ruwan da ya wuce gwiwa ya fi ƙarfinsu, kuma kunya ta hana su faɗi.

Ni mutumin Kusasu ne, can cikin dajin yankin Birnin Gwari, ta wajen iyakar Jihar Kaduna da Jihar Neja. Ƙasarmu ƙasar ruwa ce. Rafuka da ƙoramu sun ratsa dajin ta ko'ina, wasu su gangara Kogin Mariga, wasu Kogin Kaduna. Da rani ɗan yaro ma ƙetare su yake yi da ƙafa, amma da damina sai su cika su batse, su raba ƙauye da gonakinsa na yini guda ko biyu. A irin wannan wuri yawancin yara tare suke koyon tafiya da iyo. Ni ma da haka zan tashi, in ba don abin da ya faru a daminar 1990 ba.

Shekarata tara a lokacin, ƙanena mai bi mini yana da bakwai. Inna ta aike mu mu kai wa Baba fura a gona, hayin rafi. Da za mu tafi ruwan iyakarsa ƙwauri. Ashe an yi ruwan sama can gaba cikin daji, mu ba mu sani ba, don ko ɗigo bai sauka a kanmu ba. Da muka juyo sai muka tarar rafin ya yi ja, ya ƙaru, yana gudu. Na riƙe hannunsa muka shiga. Muna tsakiya silifas ɗinsa ɗaya ya cire, ya fizge hannunsa daga nawa don ya cafko. Shi ke nan. Bai yi ihu ba, bai kira sunana ba. Sau biyu na ga kansa ya ɓullo, bakinsa a buɗe, sai kuma ban ƙara ganinsa ba. Washegari masunta suka tsamo shi a gindin wata bishiya, saiwoyi sun tare shi.

Mutanen gari suka ce 'yan ruwa ne suka ɗauke shi. Inna ba ta ce komai a kan wannan ba. Bayan an share makoki ta kira ni ɗaka, ta kama kunnena, ta ce, "Ka ji ni da kyau. Ban yafe maka ba in ka ƙara sa ƙafa a ruwan da ya wuce gwiwarka." Na ce to. Ko da ba ta faɗa ba ma, zuciyata ta riga ta yanke wannan hukunci. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi.

Shekara talatin cif na yi ina riƙe da wannan alkawari. Na yi karatu, na sami difloma a fannin koyarwa, aka ɗauke ni aiki a makarantar sakandare, kuma abin dariya, darasin Labarin Ƙasa aka ba ni. Ni ne mai zana Kogin Kwara a allo, tun daga tsaunukan Gini, ya bi ta Mali da Nijar, ya shigo Nijeriya, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, ya zarce teku, tafiyar fiye da kilomita 4,000. Ina bayani kamar wanda ya taɓa bin sa da kwale-kwale. Amma ranar da muka kai ɗalibai yawon buɗe ido madatsar ruwa ta Shiroro, cikin mota na zauna na ce kaina ke ciwo. In mota za ta hau gadar Kogin Kaduna, sai in tsiri duba wani abu a jakata har mu wuce. Ko wanka nake yi ba na yarda in sheƙa ruwa a fuska gaba ɗaya, sai dai in shafa da hannu. Na kuma ɗora wa 'ya'yana dokar da aka ɗora mini. A ganina tsare su nake yi.

A cikin ɗalibaina akwai wani yaro ɗan masunta, daga wani ƙauye kusa da namu. Duk ranar da ruwa ya kawo kifi ba ya zuwa makaranta. Na sha zane shi a kan haka, na kuma sha gaya masa a gaban 'yan aji cewa mai bin rafi ba ya zama komai. Da ƙyar ya kammala. Ku riƙe wannan yaro a ranku, za mu dawo kansa.

A 2020 aka rufe makarantu saboda annobar korona, sai na kwashe iyalina muka koma Kusasu don in taya 'yan uwa noma. Kowa ya san halin da yankinmu ke ciki a wancan lokacin: 'yan bindiga sun cika daji, hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama sai da addu'a, manomi ba ya zuwa gona da kwanciyar rai. Wani dare cikin watan Agusta, ana yayyafi, muka ji rurin babura da harbi ta gabas da gari. Ba wanda ya tsaya tambaya. Kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai gare shi, aka yi yamma. A yamma kuwa ba komai sai rafin nan, ya cika maƙil, yana ƙugi cikin duhu.

Mutane suka yi ta faɗawa. Mata da goyo suna kama igiyar da samari suka ɗaura a bishiya, tsofaffi ana tallabe su. Matata ta bi igiya da ƙaramin yaronmu a baya. Ni kuwa ina saɓe da 'yata mai shekara biyar, wadda nake kira Uwata saboda sunan Inna gare ta. Na shiga har ruwa ya kai gwiwata, sai ƙafafuna suka ƙi. Wallahi ba ƙin tafiya na yi ba, jikin ne ya daina jin umarnina. Ga harbi yana matsowa a bayana, ga yarinya ta shaƙe mini wuya tana cewa, "Baba mu tafi, Baba mu tafi," ni kuma abin da nake gani kawai shi ne kan ƙanena yana ɓullowa yana nutsewa.

Sai na ji an dafa ni. "Malam, kawo ta." Tsohon ɗalibina ne, ɗan masuntan nan. Ya ɗora ta a wuyansa ya haye da ita kamar mai tafiya a tudu. Ya dawo da wani ƙaton gora irin na su, ya ce, "Malam, rungume shi da ƙirji, kada ka sake shi, kada kuma ka kama ni. Rufe idonka." Haka ya ja ni har hayi, ina shan ruwa ina salati. Ya sake komawa ya ɗauko Inna. Da gari ya waye muna cikin daji a jiƙe, na kasa haɗa ido da shi, na kasa haɗa ido da matata. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Ni a daren nan duka biyun suka haɗu a kaina wuri ɗaya.

Daga nan muka yi hijira zuwa Kaduna, muka kama haya a Rigasa, daga baya aka yi mini canjin wurin aiki. Na so in manta da daren nan amma ya ƙi mantuwa. Tambaya ɗaya ce ke hana ni barci: da yaron nan bai zo ba fa? Dokar da na riƙe shekara talatin don in tsira daga ruwa, ita ce ta kusa sa in tsaya a bakin ruwa a harbe ni da 'yata a kafaɗa.

Ina cikin wannan hali sai ga labarin Bagwai. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, kwale-kwale ya kife a madatsar ruwa ta Watari a Jihar Kano, ɗauke da mutanen ƙauyen Badau, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi. Aƙalla mutum 29 suka rasu. Watanni shida kafin nan an yi irin wannan rashi a Kogin Kwara ta wajen Warra a Jihar Kebbi. Na ji labarin Bagwai a rediyo ina gyara takardun jarrabawa, sai na ajiye jan biro na dubi sunayen yaran ajina ɗaya bayan ɗaya. Washegari na tambaye su, "Wa ya iya iyo a cikinku?" A aji mai yara fiye da sittin, hannu bakwai na ƙirga. Wata yarinya ta ce, "Malam, kai fa?" Na ce ta buɗe littafinta shafi na gaba.

Amma kafin in je ko'ina sai na warware maganar Inna, domin ba na wasa da "ban yafe ba" ta uwa. Na same ta bayan sallar isha'i, na durƙusa na ce, "Inna, izini nake nema. Ina so in koyi iyo." Ta yi shiru har na zaci ba ta ji ba. Can ta ce, "Ɗaya bai ishe shi ba, sai na ƙara masa da na biyu?" Na tashi na ba ta wuri. Sai bayan kwana tara ta aiko Uwata ta kira ni. Ta ce, "Daren nan ina hayi ina kallo aka jawo ka a kan gora kamar buhun masara. Ni na ɗaure ka, da bakina. Na ɗauka in na raba ka da ruwa, ruwa zai rabu da kai. Je ka, na janye. Allah Ya tsare."

Bayan ƙaramar Sallah ta 2022 wani abokin aikina ya haɗa ni da wani tsohon soja, kowa Sajan yake ce masa, wanda ke koyar da iyo a kwamin iyo na wani kulob a cikin gari. Tsawon kwamin mita 25 ne, gefe ɗaya ruwan iyakarsa ƙugu, ɗaya gefen ya shanye mutum. Ranar farko na tarar da yara 'yan firamare suna ta tsalle a ciki. Na tsaya ina jan rigata, ga tumbi, ga furfura ta fara. Sajan ya ce, "Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tuɓe."

Sati uku na farko bai koya mini ko bugun ƙafa ba. Abu ɗaya ya sa ni: in tsaya inda ruwa ya kai ƙuguna, in riƙe bakin kwami, in ja numfashi ta baki, in tsoma fuska, in fitar da iskar ta hanci a hankali har in ji tana ɓulɓulowa ta gefen kunnuwana. Ranar farko ko daƙiƙa biyu ban yi ba na ɗago ina tari, zuciyata kamar za ta fasa ƙirji. Ya ce, "Sake." Na sake. Ya ce, "Sake." A hankali na gane cewa rabin abin da nake kira tsoro, riƙe numfashi ne. In mutum ya danne iska a ƙirji, jikinsa sai ya ɗauka shaƙe shi ake yi, ya firgita. In yana fitar da ita sannu a hankali, sai jikin ya lafa.

Sa'an nan ya koya mini kwanciya rigingine a kan ruwa. Ya ce, "Kai malami ne, ka fi ni sanin dalili. Me ya sa gora ba ya nutsewa?" Na ce saboda iskar da ke cikinsa. Ya ce, "To kai ma Allah Ya sa maka gora biyu a ƙirji." Huhu yake nufi. Mutumin da ya cika huhunsa da iska, ya kwanta, ya saki wuyansa har kunnuwansa suka shiga ruwa, ya baza hannuwa, ruwan da kansa ke ɗaukarsa. Mai firgita kuwa miƙewa yake yi tsaye, ya ɗaga hannuwa sama yana neman abin kamawa, nauyin hannuwan ya danna kansa ƙasa, ya buɗe baki ya sha ruwa. Shi ya sa ba ya iya ihu. Da Sajan ya faɗi haka sai na fita daga ruwan na zauna na yi kuka kamar yaro, domin a ranar na fahimci abin da na gani a 1990. Ba wani ɗan ruwa da ya ja ƙanena. Yaro ne ɗan shekara bakwai da ba wanda ya taɓa gaya masa ya kwanta rigingine.

Wata biyar ina zuwa duk Asabar da Lahadi. Sai wata rana Sajan ya ce shi da abokansa masu motsa jiki da safe sun shirya 'yar gasa ta cikin gida, irin wadda ake haɗa iyo da gudu: a yi iyo na mita 200, wato tsawon kwami sau takwas, a fito a sa takalmi a yi gudun kilomita uku. Ya ce ya riga ya rubuta sunana. Na ce masa ya goge, ni ban taɓa yin tsawo huɗu a jere ba sai na huta. Sai ya ciro wayarsa ya nuna mini wani majigi na gasar Olamfik da aka yi a Sidni a shekarar 2000. Wani saurayi ne daga Ikwatoriyal Gini, Eric Moussambani, wanda bai daɗe da fara koyon iyo ba, a kwamin wani otal, bai kuma taɓa shiga kwami mai mita 50 ba sai da ya je can. Abokan karawarsa biyu, ɗaya ɗan Nijar ɗaya ɗan Tajikistan, suka yi riga-malam-masallaci aka fitar da su, ya rage shi kaɗai. Ya yi mita 100 cikin minti ɗaya da daƙiƙa 52, fiye da ninkin lokacin gwanaye, yana kaiwa ƙarshe da ƙyar, jama'a suka miƙe tsaye suna tafa masa. Sajan ya ce, "Wannan a gaban duniya ya yi. Kai a gaban mutum nawa za ka yi?"

Wata Asabar ce cikin Oktoba. Mu ashirin da uku ne, akwai sojoji, akwai ɗaliban jami'a, akwai wani likita da ya girme ni. Aka raba mu rukuni-rukuni, aka rubuta mini lamba 17 a dantse. Matata da yara suna gefe. Da aka busa usur na shiga, tsawo na farko da na biyu lafiya lau. A na uku, daidai wuri mai zurfi, na kusa da ni ya bugo ruwa ya shige mini baki a lokacin da na juyo jan numfashi. Na ƙware. Nan take komai ya dawo: jan ruwa, duhu, silifas. Ƙafafuna suka fara sauka ƙasa suna neman inda za su taka, babu. Hannuwana suka fara tashi sama.

Ban ji muryar kowa ba a lokacin. Abin da ya cece ni shi ne abin da aka sa ni na maimaita sau ɗaruruwa har jikina ya haddace. Na juya na kwanta rigingine, na saki wuya, na baza hannuwa. Na ga sararin sama, da wata shirwa tana shawagi. Na yi tari, na ja numfashi, na ƙirga goma. Ruwan ya riƙe ni. Sajan yana tafe a bakin kwami da doguwar sanda a hannu, ya ce, "Malam, in miƙo?" Na girgiza kai. Na kife na ci gaba. Sauran tsawo biyar ɗin, wani da ciki wani da baya, na yi su ni kaɗai a cikin kwamin, don kowa ya riga ya fita.

Da na fito ƙafafuna kamar ba nawa ba, na kasa ɗaura igiyar kambas sai da na zauna. Gudun kuwa ba na ce gudu na yi ba, sassarfa ce da tafiya. Amma ban taɓa jin daɗin taka ƙasa irin na ranar ba. Na iso an fara naɗe tabarmi. Uwata ce ta rugo ta tarye ni, ta ce, "Baba, kai ne na ƙarshe!" Na ce, "Na sani, Uwata." Ta ce, "Amma ba wanda ya jawo ka." Yarinyar da na zaci ta manta da daren nan, ashe tana riƙe da shi.

Kada mai karatu ya ɗauka tsoron ya tafi. Har yau in zan shiga ruwa sai gabana ya faɗi, kuma na san kwamin siminti daban, rafin damina mai gudu daban, wanda ko gwani ba ya raina shi. Bambancin kawai, yanzu in tsoron ya zo na san abin da zan yi da hannuna da numfashina.

Iyo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, akwai wasannin Kabanci, inda ake tseren iyo da nutso da tseren kwale-kwale da kamun agwagwar ruwa. Mu 'yan boko ne muka mayar da abin na 'ya'yan masunta, muna zane su a kansa. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 kaɗai kimanin mutum 300,000 ruwa ya ci a duniya, kuma yara da matasa na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara don faɗakarwa a kan haka. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a hatsarin jirgin ruwa a Patigi ta Jihar Kwara, suna dawowa daga biki. Lodin da ya wuce kima da rashin rigar kariya laifin manya ne, wajibi ne hukuma ta tsaya a kansu. Amma koya wa yaro yadda zai riƙe kansa a saman ruwa kafin taimako ya zo, wannan aikin iyaye ne da malamai.

Yanzu duk zangon karatu nakan ware darasi ɗaya in rufe taswira, in ba ɗalibaina wannan labari ba tare da na ɓoye komai ba. Ina gaya musu cewa wanda ruwa ke ci ba ya ihu, don haka a sa ido. Ina gaya musu kada wanda bai ƙware ba ya faɗa ceton wani, domin wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, balle wuyan mutum; a miƙa masa sanda, ko a jefa masa igiya ko jarkar da ba komai a ciki, a rufe da murfinta. Ina gaya musu rafi yana iya cika ko ba a yi ruwa a garinku ba.

Tsohon ɗalibina ya zo Kaduna bara, ya kawo mini busasshen kifi. Na zaunar da shi na nemi gafararsa a kan bulalar da na yi masa da maganganun da na faɗa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Malam, ai ba komai." Na ce akwai komai. Da zai tafi Inna ta sa masa albarka har sai da ya ji kunya. Bayan ya fita ta dube ni ta ce, "Su waɗannan 'yan jikokin nawa, yaushe za ka fara kai su wurin Sajan ɗin naka?" Na ce sai sun ƙara girma. Ta ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kai su Asabar ɗin nan."

Na kai su. Allah Ya jiƙan ƙanena da duk waɗanda ruwa ya ci, Ya dawo mana da zaman lafiya mai ɗorewa a ƙasar Birnin Gwari, amin.